Yini guda a Agadas, ƙofar duwatsun Abzin

Ma'aikacin da aka tura aiki Arewa, ko ɗan kasuwar da ya biyo hanyar Tawa da kaya, sau da yawa abin da ya sani na Agadas bai wuce tasha da masauki ba. Ya sauke kaya, ya sa hannu a takarda, ya juya. Alhali kuwa yini guda ya ishe shi ganin abin da Annasara suka riƙa biyan kuɗin jirgi tun daga Faransa don su zo kallo.

Garin yana gindin duwatsun Abzin, wajen kilomita 950 daga Yamai. Baƙo ba ya bukatar tafinta, domin Hausa ce harshen kasuwa da na unguwa. Da sanyin safiya, abin da ya kamata ya fara dosa shi ne hasumiyar babban masallaci, mai tsawon mita 27, wadda aka gina da laka zalla. Itatuwan da suka leƙo daga jikinta su ne matakan magina idan lokacin yaɓe ya yi. An kafa masallacin wajen shekarar 1515, aka sake gina hasumiyar a 1844. Daura da shi akwai fadar Sarkin Abzin, sarautar da ta samo asali tun ƙarni na 15.

Da hantsi sai rumfar maƙera. Nan baƙo zai zauna bisa tabarma ya ga yadda ake haifar tanagilt, abin wuyan da Annasara suka sa wa suna gicciyen Agadas. Maƙeri yakan fara siffanta shi da kakin zuma, ya lulluɓe da yumɓu, ya gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sannan ya zuba narkakkiyar azurfa a gurbinsa. Sai ya fasa yumɓun, ya bi da zarto, ya yi zane da hannu. Tun da ana fasa mazubin kowane karo, babu biyu da suka zama ɗaya sak. Gaba kaɗan ga dukawa da takalmansu, da jakunkuna masu tuntu, da sirdin raƙumi, da batta ta fata wadda mata ke ajiye turare a ciki.

Mai son kallon zane ya nemi gidan Sidi Ka a cikin tsohon gari. Bangon ɗakinsa na sama duk ado ne na laka, kuma a ciki ne Bertolucci, mutumin Italiya, ya ɗauki wani yanki na siliman da ya fitar a 1990. Akwai kuma gidan da Bajamushen nan Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya sauka a 1850.

In rana ta take, kasuwa ce ke nuna arzikin duwatsu. Albasa daga Tabelot, lemu da rumman daga Timiya, dankali da tafarnuwa daga dutsen Bagzan, ga kantun gishiri da dabino da ayari ke kawowa daga Bilma. Abincin rana kuwa, gasasshen naman rago ne, da tagalla, gurasar da ake gasawa cikin rairayi mai zafi, da furar Abzinawa ta gero da dabino da cuku. A rufe da shayi kofi uku, ba gaggawa.

Sai dai wanda ya lura zai ga kayan sun fi masu saye yawa. Tawayen da ya ƙare da sulhun 24 ga Afrilu 1995 ya taɓa korar baƙi, suka dawo. Na 2007 ya sake korarsu, sace ma'aikata a Arlit a 2010 kuma ya ƙarasa rufe ƙofar. Ko da UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013, takarda ba ta sayen zobe. Yaron da ya ga uwar maƙera ba ta ciyar da gida, sai ya ajiye guduma ya nufi haƙar zinariya, wadda ta ɓullo a Jado a 2014. Sana'ar da ake gado hannu da hannu kuwa, in ta tsallake tsara ɗaya, da wuya ta dawo.

Saboda haka magana ta komo kan ƴan ƙasa. Alhajin Maraɗi da ke haɗa lefe da kayan Dubai, da ma'aikacin Yamai da ke neman tsarabar da zai ba baƙon ofis, suna da abin saye a gida. Mai niyya ya nemi labarin hanya tukuna, ya yi ciniki yadda aka saba, amma kada ya taya aikin kwana uku kuɗin goro.

Da magariba, rana na jan hasumiya zuwa launin garwashi, ladan na kira, maƙera na kashe wuta. Gobe da asuba za su sake hura ta, ko mai saye ya zo ko bai zo ba.