Gidan da ba ya kwana goma sha biyar wuri ɗaya

A Ingila akwai gidajen da doka ba ta yarda su wuce kwana 14 wuri guda ba. In kwanakin sun cika, mai gida ya kwance igiya, ya tada inji, gida ya matsa gaba da gadonsa da tukwanensa. Siraran jirage ne na ƙarfe masu yawo bisa kanal. Faɗinsu mita 2 ne da ɗan kai, tsawonsu kuwa shina iya kai mita 21. Ɗakin kwana, madafa, makewayi da wurin zama duk a jere suke, wani bayan wani. In ka buɗe hannuwanka, saura ƙiris ka taɓa bango da bango.

Shekarar da na yi karatu can, na yi kwana huɗu cikin irin wanga jirgi lokacin hutun Afrilu. Mai shi abokin karatuna ne, Bature, ɗan shekara ashirin da wani abu. Ba sha'awa ce ta kai shi ruwa ba, tsadar hayar ɗaki ce ta koro shi daga gari. Ya haɗa ɗan abin da ya tara da bashi, ya sayi tsohon jirgi mai yoyon taga. Daga ƙauyen Braunston munka tashi, munka nufi garin Banbury bisa kanal ɗin Oksfod. Mota ba ta cika awa ɗaya tsakaninsu. Mu kwana uku munka yi bisa hanya.

Wanda ya san kanal ɗin Jiratawa ya san ruwan ban gona. Nasu kuwa hanya ce ta dako. A 1761 anka buɗe kanal ɗin Bridgewater don kai gawayin ƙasa Manchesta, kuɗin gawayi ya faɗi da kusan rabi, sai kowane attajiri ya ce shi ma a haƙa masa. Wanda munka bi, James Brindley ne ya shata shi, ya iso Banbury a 1778. Doki guda ke jan jirgi mai kaya kusan tan 25, shina tahiya bisa turbar da ke gefen ruwa. Turbar na nan har yau, sai dai masu keke da masu yawo da kare sunka gaje ta. Gudun da anka yarda da shi bai wuce kilomita 6 da ɗan wani abu a awa ba, kuma in ka zo wuce jirgin da ke ɗaure sai ka ƙara ragewa, kar ka zubar wa mutane da shayi. Wata tsohuwa mai sanda ta wuce mu da ƙafa, har ta waiwayo ta gaishe mu. Ɗan kabu-kabu ba zai yi rabin yini nan ba.

Aikin gaske wurin ƙofofin ruwa yake. Jirgi ba ya hawa tudu, don haka anka gina masa matakala. Kowace matakala wani dogon akwati ne na bulo, ƙofa gaba, ƙofa baya. Jirgi ya shiga, ka rufe bayansa. Ka ɗauki wani ƙarfe mai kama da kilen kwance tayar mota, ka murɗa, ƴan tagogin da ke ƙarƙashin ruwa su buɗe, akwatin ya cika, jirgi ya taso a hankali. Sai ruwan ciki ya daidaita da na gaba kamin ƙofa ta yarda ta motsa. Kamin nan ko ku goma ne ba ku ture ta. Kusan minti 15 kowace ke ci. Tara munka hau a Napton, 12 munka sauka kamin Banbury, ni ne ɗan tura ƙofa. Ran farko tafin hannuna ya yi bororo.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lissahin ruwa. Duk jirgin da ya wuce ƙofa guda, dubban litoci sun gangara ke nan, ba su komowa. Tafkunan ajiya ne ke ciyar da kanal ɗin daga can bisa, kuma in shekara ta yi fari sai a riƙa kulle ƙofofin, a buɗe su ƴan awoyi kawai a yini. Shi ya sa in ka hango jirgi na zuwa daga wancan ɓangare, kuma ruwan akwatin daidai da shi yake, ladabi shi ne ka jira shi ya fara. Ƙasar da ruwan sama ke hana mutane shanya, can ne na ga manya na harara saboda an ɓarnatar da ruwa.

Cikin jirgi ma haka. Tanki guda ne, sai an iso famfon bakin kanal a cika shi. Kuran daga inji da pano ɗin rufi yake zuwa, in batir ya yi ƙasa a kashe komi. Makewayi wani bido ne da kake cirowa, ka ɗauka da hannunka zuwa wurin zubarwa. Gaz, gazuwal da gawayin murhu wani jirgin ƴan kasuwa ke yawo da su. Daren farko abokina ya tsaya shina koya mini wanka: ka jiƙa jiki, ka kashe ruwa, ka sa sabulu, ka ɗauraye. Na bar shi ya ƙare, sa'an nan na ce masa, "Abokina, da bokiti da moɗa anka raine ni." Ya yi dariya har da ƙwalla. Alƙibla ce kawai ta wahal da ni. Tsakanin Napton da Claydon kanal ɗin na lanƙwasa kamar maciji har kusan kilomita 18, don Brindley ya gwammace ya kewaye tudu da ya fasa shi. Inda ka fuskanta da azahar ba nan ba ne da la'asar.

Mai mota ta ƙofa yake shiga gari, mai jirgi ta bayan gida. Igiyar shanya kake fara gani, da tsohuwar masana'anta, da lambun kabeji. A Napton akwai tsohon injin niƙa mai aiki da iska bisa tudu, ƙasansa kuma garken ɓauna irin na Asiya na kiwo, abin da ban taɓa zaton gani a Ingila ba. Cropredy ƙauye ne shiru, coci da gada da ɗan kanti. Banbury kuwa kanal ɗin ta tsakiyarsa ya ratsa, gab da manyan shaguna, kuma a tsakaninsu ga tsohon wurin gyaran jirage na Tooley shina aiki har yau. Daga nan L. T. C. Rolt ya tashi a 1939 da jirginsa Cressy. Littahin da ya rubuta kan tahiyar ya fito a 1944, lokacin da jirgin ƙasa da mota sun kusa kashe kanal, shi ne ya zaburar da masu ceto su.

Daga bakin ruwa duk jiragen kyau gare su, da fenti da tukwanen fure bisa rufi. Amma mutanen ciki iri biyu ne. Akwai ƴan fansho da masu hutu, waɗanda sunka zaɓi tahiyar hawainiya kuma gidansu na jiransu. Akwai irin abokina. Wurin ɗaure jirgi na dindindin kuɗi ne, shi kuma ba ya da su, sai ya ɗauki takardar mai yawo kullum, wadda dokar 1995 ta tanada. Akwai masu bin turba suna rubuta lambar kowane jirgi da inda sunka gan shi. In an ga tahiyarka ba ta yi nisa ba, ana iya rage maka wa'adin takarda ko a hana ka sabuwa. Ga karatu da aiki wuri ɗaya, ga gida dole ya yi ta nisa da su. Banki, likita, katin zaɓe, kowa adireshi yake tambaya, shi kuwa na mahaifiyarsa yake bayarwa. Dokar na da hujjarta, don in kowa ya kafe inda ya ga dama, baƙo ba zai samu wurin ɗaure igiya ba. Sai dai ga mai gida biyu wasa ce, ga mai gida ɗaya kuwa jarrabawa ce duk sati biyu. Da shina ba ni labari, makiyayanmu na tuna, yadda lakwal da ƙidaya da takardun haihuwa duk an tsara su don wanda ke zaune.

A tsakiyar Banbury kwana biyu kawai anka yarda jirgi ya tsaya. Munka cika tanki, munka zubar da bido, na samo nama wurin wani mahauci ɗan Pakistan na yi mana miya. Da dare ya shimfiɗa taswira bisa tebur shina ƙirga da yatsa. Heyford yake so ya kai kamin hutu ya ƙare, don can tashar jirgin ƙasa na manne da kanal, in ya sauko da keke daga rufi ma ba sai ya hau shi ba.