Amyoyin Kawu da cutar da ke naƙasa fiffike

A shekarun da na yi wayo, bayan yunwar 1984, zuma a gidajen Maraɗi tana layin magani ne. Kwalba guda ake ɓoyewa a ƙuryar ɗaki domin mai tari, da wanda wuta ta ƙona, da mai jego, kuma ba a rasa dattijon da zai tuna maka Suratun Nahli kafin ya ɗiga maka ita a harshe. Wadda ake yabo a kasuwa ta Madarumfa ce da ta dajin Baban Rafi. Tamu kuwa daga wajen Kawu take zuwa, ƙanen innarmu, wanda ke noma a wani ƙauye kusa da Tsibirin Gobir.

Kawu bai taɓa sayen ƙudan zuma ba, bai kuma taɓa jin ana sayarwa ba. Da kaka yake yanko gamba ya saƙa amya doguwa, ya shafe ta da kashin shanu, ya turara cikinta da saiwoyi masu ƙamshi, ya toshe bakin da faifai mai ƴar kafa, sannan ya hau gawo ko tsamiya ya ɗaure ta a cokalin reshe. Daga nan sai jira. Gawo na fure a farkon rani, lokacin da sauran itatuwa suka fara kaɗe ganye, don haka amyar da ke kansa ba ta cika daɗewa babu baƙi ba. Ɗiba kuma da dare ake yi, da damin ciyawa mai hayaƙi. Mu yara aikinmu riƙe ƙwarya a gindin itace, ladanmu saƙar da ke da ƴaƴa a ciki, da kumburin ido na kwana biyu. Shan zuma sai da wuta, in ji masu magana, amma ba su ce wutar tana hana harbi ba.

Abin da ya fi ba ni haushi a lokacin shi ne a je a tarar da amya wayam, sun tashi ba sallama. Na taɓa ce masa, "Kawu, ba a iya rufe su ne su zauna?" Ya ce, "Kai yaro, wa ya taɓa ɗaure zuma? In gida ya ɓaci musu tahiya sukai. Ƙyale su, wasu na nan tahe." Maƙiyan da ya sani su ne tururuwa, da tsutsar da ke cinye kaki, da ɓarawo, da fari. Bai san akwai abin da ya fi waɗannan ƙanƙanta ba, wanda ido ba ya gani.

Sai da na girma na shiga karance-karance na san ƙudan zuma na ɗauke da bairus iri-iri. Akwai mai shanye jiki, wanda masana suka gano a tashar bincike ta Rothamsted a Ingila a 1963. Akwai mai kashe tsutsa ya bar ta cikin fatarta cike da ruwa, akwai mai baƙanta ɗakin da ake renon sarauniya. Wanda ya fi yin suna shi ne DWV, mai sa ƙuda ya fito daga saƙa da fiffike a murɗe, ba ya iya tashi, ya mutu cikin ƴan kwanaki. Kundin gadon waɗannan ƙwayoyi na RNA ne, kuma duk sanda suka kwafi kansu sai an sami kuskure. Shi ya sa a amya guda ba iri ɗaya ake samu ba, dangi ne masu yawa, kowane da ɗan bambancinsa, suna wucewa ta abinci da ƙwai, akasari ba tare da wani ƙuda ya kwanta ba.

Abin da ya rushe wannan zaman shi ne wata ƴar kaska ja mai suna Varroa. Asalinta a jikin ƙudan zuman Asiya take, ta tsallaka zuwa irin na Turai a ƙarni na 20, fatauci ya yaɗa ta duniya. Tana shiga ɗakin tsutsa kafin a liƙe shi, ta huda jikinta tana ci, ta zuba mata bairus kai tsaye, kamar allura ɗaya da ake bi da ita gida-gida. A tsibiran Hawai aka ga aikin nan ƙiri-ƙiri, domin kaskar ba ta isa can ba sai 2007. Binciken Stephen Martin da abokan aikinsa, wanda ya fito a 2012, ya nuna cewa inda ta yi kaka-gida, yaɗuwar DWV ta tashi daga wajen kashi 10 cikin 100 zuwa 100 cif, yawansa a jikin ƙuda ya ninka sau miliyan, dangin nan masu yawa kuma suka ɓace aka bar iri guda. Wannan na ƙarshen shi ya tsaya mini a rai. Mutum zai ɗauka yawan ire-iren cuta shi ne masifa, alhali a Hawai raguwarsu ce ta zo da mutuwa. Ko yanzu ma lamarin bai tsaya ba: wani reshe da aka fara bayyanawa a Holan a 2004, DWV-B, yana ture na farkon a Turai da Amurka.

Kaskar ta shigo Afirka ta Kudu a 1997, an gan ta a Kenya a 2009, an kuma ba da rahotonta a Nijeriya. Amma binciken Kenya na 2014 ya sami kaskar, ya sami bairus ɗin, bai sami gidajen zuma suna durƙushewa ba. Ƙudanmu na riga na Turai fita daga saƙa da kwana ɗaya ko biyu, abin da ke rage wa kaskar lokacin hayayyafa. Suna yawan rabuwa, kuma suna ƙaura su bar saƙar da ta kamu. Tashin nan da nake jin haushinsa yana cikin abin da ke tsare su. Kawu ma, da yake yanke saƙa kusan duka kowace shekara, yana tilasta musu gina sabuwa, kuma ba ya ba raunana magani su ci gaba da haihuwar raunana. Ba ina wanke tsohon salo ba ne. Wutar dare ta kashe ƙuda ba adadi, zumar kuma kan zo da toka da warin hayaƙi.

A ganina, abin da ya fi cutar da ƙudan zuma a yankinmu a idona aka yi shi: sare itatuwa bayan fari, da feshin maganin ƙwari da rana tsaka a lambuna, har a fadamar Jiratawa, alhali zogale na cikin fure. Sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa ya girma a gona maimakon a sare shi, wanda aka fara a karkarar Maraɗi a shekarun 1980, ya dawo da gawo gonaki, ƙudan suka sake samun wurin sauka.

Yau matasa na amfani da akwatin katako mai sanduna, da riga mai raga, suna tace zuma fes. Na yi murna da haka. Sai dai akwati na ajiye saƙa ɗaya shekara da shekaru idan ba a canza ta ba, kuma tare da shi ake shigo da sha'awar sayo sarauniyar waje, wai ta fi sanyin hali da yawan zuma. Nazarin da Lena Wilfert ta jagoranta a 2016 ya bi sawun DWV ya tarar mutane ne suka baza shi ta cinikin ƙuda, galibi irin na Turai. Ostireliya, da teku ya kewaye ta ga tsananin tsaron tashoshi, ta ga kaskar a Niyukasil a 2022, a 2023 ta haƙura da yunƙurin kawar da ita. Maraɗi kuwa garin fatauci ne, kaya na shigowa ta Ɗan Isa da kowace ɓarauniyar hanya, kuma kejin sarauniya da ƴan rakiyarta yana shiga aljihun riga.