Takobin Kaka: Daga Talata Mafara Zuwa Maradun

Duk wanda ya san yammacin Zamfara ya san garuruwan nan uku: Talata Mafara, wadda kasuwar ranar Talata ta ba ta suna, da Bakura ta Sarkin Burmi, da Maradun ta Sarkin Kaya, inda madatsar ruwan Bakolori take tun 1978. Garuruwa ne na sarauta, don haka gidaje da yawa ba sa rasa tsohon takobi a ƙarƙashin gado. Yanzu da rashin tsaro ya raba mutane da gonakinsu, dillalai na bin gida-gida suna sayen irin waɗannan kayan gado da araha.

Mu ma namu, na kakan maigidana, an yi masa tayi. Surukata ta ce tun jihadin 1804 yake. Kuɗin makarantar yara ya matso, amma na roƙa a dakata. Na yi amfani da hutun aikina na asibiti, na naɗe shi a zani, muka fita da safe, domin hanyar ba ta yamma ba ce.

A Talata Mafara muka sami wani tsohon maƙeri. Kafin ya ce komai sai da ya ɗan lanƙwasa ruwan takobin, ya sake shi, ya koma miƙe. “'Yata, ƙarfen na kirki ne,” in ji shi. Ya nuna mini tsagi uku da suka bi tsawonsa, da hatimin jinjirin wata guda biyu masu fuska. Shekaru aru-aru fatake na ratso Sahara da ruwan takubba daga Turai, musamman garin Solingen na Jamus, a yi musu ƙota a nan. Sai dai maƙeranmu da na Buzaye sun riƙa kwaikwayon hatimin, saboda haka wata shi kaɗai ba shaida ba ne. Ya ƙara da cewa na baya-bayan nan da sifirin mota ake ƙera su, kuma namu bai yi kama da su ba.

A Bakura baduku muka nema. Ya shinshina kuben, ya duba ɗinkin, ya yi dariya. Fata ba ta jure zafi da gara kamar ƙarfe, kowane magaji yakan sake kube. Ashe takobi ɗaya yana iya zama da shekaru iri uku: na ruwa, na ƙota, da na kube.

A nan ne na tuna abin da na karanta game da takubban Japan. Su maƙeransu sukan rubuta suna, wani lokaci har da shekara, a jikin ƙarfen da ke ɓoye cikin ƙota. Ana zare ɗan tsinken gora a gani. Masana can ba sa yarda a goge tsatsar wannan wurin, domin launinta na nuna tsufa. Namu ba ya buɗuwa haka, amma darasin ɗaya ne: kada ki bari a kai shi wurin mai wasa wuƙa don ya yi ƙyalli. Shaidarsa za a kankare.

Maradun ce ta warware mana sauran. Wata gwaggon maigidana ta lissafo hannun da takobin ya bi: mutum huɗu, uba zuwa ɗa. Idan aka ba kowanne shekara 30, lissafin ya tsaya wajajen zuwan Turawa Sakkwato a 1903. Ruwan na iya girme wa haka, amma a gidanmu iyakar abin da za mu iya rantsewa a kai ke nan. Na ɗauki muryarta a waya.

Ba mu sayar ba. In kina da irinsa, 'yar'uwa, ki ɗauki hoton hatimin, ki shafa masa ɗan man keken ɗinki, ki ajiye inda hannun yara ba ya kaiwa, don yankan ƙarfe mai datti na iya jawo ciwon sandarewar jiki. Kafin ki amsa tayin kowa, ki nuna wa ma'aikatan gidan tarihi, kamar Gidan Makama na Kano, domin doka ta hana fitar da kayan tarihi daga Nijeriya ba tare da izini ba. Sannan ki zauna da tsofaffin gidanku tun suna da rai.