Daga Gidan Gem na Unguwarmu zuwa Hamadar Mojave

A gidan gem na unguwarmu a Kano doka ɗaya ce: wanda ya ci ya zauna, wanda aka ci ya miƙa fad. Talabijin uku ne a shagon, kowace da PlayStation 2 a gindinta, kuma kusan kullum ƙwallo ake bugawa, Winning Eleven, minti goma a biya a tashi. 'Yan kallo sun fi 'yan wasa yawa, kuma sun fi su baki. In an ɗauke wuta mai shago ya tayar da janareta, a sake sabon lale.

Da na zo Leeds karatu, a hunturun farko, lokacin da duhu ke rufawa tun ƙarfe huɗu na yamma, Baturen da muke haya tare ya ara mini Fallout: New Vegas. Shi yana yinsa ne a ɗaki, ƙofa a rufe, kunne a toshe, makonni a jere. Na ce a raina wannan ai jinya ce, ba wasa ba.

Kamfanin Obsidian ne ya ƙera wasan, ya fito a 2010. Labarin yana faruwa a hamadar Mojave a 2281, sama da shekara 200 bayan yaƙin nukiliya na 2077 ya ƙone duniya. Kai ɗan aike ne da aka harba a ka, aka binne a maƙabartar ƙauyen Goodsprings, Allah ya yi da sauran kwana. Marafan kwalba su ne kuɗi. Ɓangarori uku ke jan zare: jamhuriyar NCR mai haraji da cin hanci, rundunar Kaisar mai bautar da mutane da gicciye su, da Mista House, attajirin da ke mulkin Vegas ta bayan allo. Abin da suke faɗa a kai kuwa madatsar Hoover ce, wato wuta da ruwa. Abokina yana kallon wannan a matsayin almara. Ni da na girma ina sauraron ihun yara in an kawo wuta, ban ga almara a ciki ba.

Ƙarfin wasan yana cikin baki, ba a bindiga ba. Kusan duk wanda ka haɗu da shi za ka iya kashe shi, ka yaudare shi, ko ku ƙulla amana, kuma wasan ba ya mantuwa. Ka ɓata wa wani ɓangare yau, bayan sa'o'i ashirin ka tarar an aiko maka makasa a hanya. Babu ɓangaren da hannunsa yake da tsabta, don haka zaɓin yana da nauyi irin na wanda aka kira sulhu tsakanin dangi. Har babban jarumin ƙarshe, Lanius na rundunar Kaisar, in ka ƙware a iya magana, za ka iya sa shi ya janye ba tare da ka zare makami ba.

Aibunsa ma ba ɓoyayyu ba ne. Cikin kimanin wata 18 aka haɗa shi, kuma gaggawar ta nuna: mutane na nutsewa cikin ƙasa, fuskoki a sandare, harbi ba daɗi, ɓangaren Kaisar kuma an bar shi ba nama. A PlayStation 3, gwargwadon nisan da ka yi gwargwadon yadda yake sarƙewa. Sau biyu ya tsaya cak ya cinye mini aikin dare guda.

A nan na gane dalilin da ya sa irinsa bai taɓa shiga shagonmu ba. Yana buƙatar na'urarka ta kanka da za ta riƙe maka inda ka tsaya, da wutar da ba ta ƙiftawa, da ɗakin da ƙani ba zai faɗo ba, ba kuma wanda zai aike ka cefane. Mai shago ba zai ba mutum ɗaya talabijin na sa'a hamsin ba, 'yan kallo kuma ba za su tsaya kallon mutum yana karanta hira da likitan ƙauye ba.

Daren da na shawo kan Lanius ya juya da rundunarsa, wajen ƙarfe biyu, na miƙe na kurma ihu irin na gida, har da tafi. Sai ga abokina a bakin ƙofa cikin rigar barci, yana roƙona in rage murya, maƙwabta za su je aiki da safe.