Macbeth: Wa Ya Riƙe Wuƙar?



Da yawa daga cikinmu mun ci karo da wasan kwaikwayon Macbeth a makarantar sakandare, yanzu kuma 'ya'yanmu ne ke fama da shi. William Shakespeare, mutumin Ingila da ya rayu daga 1564 zuwa 1616, shi ya rubuta shi wajajen 1606, aka buga shi a 1623. Duk lokacin da hirar wasan ta taso, mukan ɗora laifin a kan mutum biyu: matar Macbeth da ta zuga shi, da matsafan nan mata uku da suka yi masa duba. Mu dai a ganinmu, wannan sassauci ne muke yi wa mai laifi.

Macbeth jarumin yaƙi ne a ƙasar Sikotilan. Ya ci nasara, Sarki Duncan ya ƙara masa sarautar Cawdor. Matsafan sun ce masa zai zama sarki, amma ba su ce ya kashe kowa ba. Abokinsa Banquo yana tsaye a wurin, shi ma aka gaya masa zuriyarsa za ta yi mulki, bai ɗauki wuƙa ba. Dukansu biyu sun ji, ɗaya ne kawai maganar ta sami gurbi a zuciyarsa.

Kafin ya aikata, Macbeth da kansa ya lissafa dalilan da suka hana: Duncan sarkinsa ne, ɗan'uwansa ne, kuma baƙonsa ne da ya sauka a gidansa. Ya san komai, ya shiga ɗaki ya kashe shi yana barci. Da gari ya waye ya kashe dogarai biyun da aka shafa wa jini don a ce su ne.

Gaskiya ne matarsa ta tunzura shi a wannan karon. To amma kisan Banquo fa? Shi kaɗai ya yi hayar makasa, ya ɓoye mata. Haka ya aika aka hallaka matar Macduff da 'ya'yansa, waɗanda ba su tsare masa komai ba. A lokacin ita matar ta fara zaucewa, tana yawo cikin barci tana wanke hannu, har ta mutu. Kujerar da ya yi wa wannan ɓarna ba ta ba shi barcin kirki ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ƙarshensa ma dogaro da duba ne ya ja masa. An ce masa wanda mace ta haifa ba zai iya da shi ba, sai ga Macduff, wanda tsaga cikin uwarsa aka yi aka ciro shi, ya fille masa kai.

Abin da ya sa muka kawo wannan, 'yan'uwa, mu ma muna da kujeru, komai ƙanƙantarsu: shugabancin ƙungiya, na kasuwa, na tasha. Idan zaɓe ya raba aminai, sai mu ji ana cewa ai zuga shi aka yi. Mazuga ba za su ƙare ba, amma wanda ya miƙa hannu shi za a tambaya.

Allah Ya raba mu da son zuciya, amin.

Sakataren ƙungiya