Kafin Ka Biya Kuɗin Hayar Nan

Mutumina,

Na ga hotunan falat ɗin Lugbe da dillali ya turo maka. Fenti ya yi kyau, babu laifi. Amma don Allah riƙe kuɗinka tukuna. Shi dillali la'adarsa yake hange, kashi 10 cikin 100, lauya ma ya karɓi nasa, kuma da ka biya kuɗin shekara ba ka ƙara jin ɗuriyarsa.

Abin da za ka fara tonowa shi ne wa ke riƙe da gidan. Bene mai falat shida, burtsatse ɗaya, shadda ɗaya, idan mai gida yana Legas ko Landan, wa ake kira ranar da injin jan ruwa ya ƙone? Wannan amsar ba a bakin dillali take ba. Ka je da yamma kai kaɗai, ka sayi lemo a shagon bakin ƙofa, ka ja maigadi da hira. Shi ya san dalilin tashin wanda ya bar falat ɗin, ya san ko kuɗin hidimar da ake karɓa duk shekara na shara da gadi da man janareta ana ganinsa a ƙasa. In ka ga 'yan ga-ruwa suna kai da komo a gidan da aka ce maka akwai burtsatse, ai ka gama samun labari.

Sai wuta. Ka tabbata kowane falat da mitarsa mai kati, ka karɓi lambar, ka je ofishin kamfanin wuta na AEDC a duba ko akwai tsohon bashi a kanta, don in akwai, daga kowane katin da ka saya za a riƙa zaftarewa. Ka tambayi rukunin layin ma. Tun Afrilun 2024 'yan Band A ke biyan sama da naira 200 kowane yunit, kai kuwa na san ka da son na'urar sanyaya ɗaki.

Ruwan sama shi ya fi damuna. Ka tuna yadda ambaliya ta shafe gidaje a rukunin Trademore a Yunin 2023, nan Lugben ne fa. Yanzu rani ne, komai tsaf. Dubi gindin katanga ta waje ko akwai shatin ruwa, ka ɗaga kai ka duba silin, ka buɗe durowar ƙarƙashin wurin wanke-wanke ka shinshina. Sabon fenti a bango ɗaya tak, sauran tsoho, shi ma abin tambaya ne.

Duk gyaran da aka yi maka alkawari, a rubuta shi cikin yarjejeniya kafin ka sa hannu. "Ka shiga, za mu gyara" ba a cika cika ta ba.

Ranar Asabar in Allah ya kai mu ina nan, sai mu je tare bayan La'asar. Ka gaida Maman yara, ka ce ina bin ta dambun da ta yi min alkawari.

Naka har kullum.