Kwanakin ƙarshe a Zanzibar

Hutu yakan ƙare tun kafin ranar da aka rubuta a takardar jirgi. Na shaida haka a Unguja, babban tsibirin Zanzibar, ƙasar da ta haɗe da Tanganika a 1964 aka sami Tanzaniya.

A kwanakin farko, ɗan ƙasar da ba ta da teku ba ya ƙoshi da kallon ruwa. A Jambiani, gabashin tsibirin, idan ruwa ya janye sai mata su shiga girbin ciyawar teku da suke nomawa jikin igiyoyi. Agogonsu ke nan, baƙo ma yakan manta da nasa.

Amma da ya rage kwana 3, sai lissafi ya dawo. Talho ya dinga kuka: biro na tambaya, kanti na tambaya. Ga batun tsaraba. A kasuwar Darajani na yi ciniki da shilin ina juya shi sefa a zuci: kanumfarin Pemba na gwaggo, kirfa ta uwargida, zannuwan kanga na ɗiya. Gangar jiki na Unguja, hankali na Maraɗi.

Tsaraba ba laifi ba ce, matafiyi ba ya komawa hannu rabbana. Sai dai wanda ya shekara yana tara kuɗin hutawa bai kamata ya sadaukar da ƙarshenta ga ciniki ba. A sayi tsaraba ranar isa, a ɗaure, a bar wa teku sauran kwanakin.

Allah shi maida kowane matafiyi gida lafiya.